Abin da Gulbi Ya Bari

Ruwa ya janye ran Talata.
Gulbi ya kwanta, ya bar kayansa bisa rairayi
kamar baƙon da ya tashi da gaggawa:
takalmi wari guda, ledoji, karan dawa,
da icce, kyauta, ba mai cewa nasa ne.
Na gangara daga Bagalam da amalanken aro,
na loda shi har ƙafarsa tana kuka.
Kwana biyu na shanya shi a tsakar gida.

Wahalar iccen gulbi, ba ya zuwa da ɓawo.
Ruwa ya tuɓe kowa,
marke da ɗanya sun koma tagwaye.

Gwaggo Tsahara, wadda yana ta rufe wa ido damina huɗu,
ta ce, "Zubo shi gabana, Mantau."
Ta ɗaga guda, ta auna a tafi,
ta ƙwanƙwasa da zobenta.
"Ka ji amo? Marke na. Aje shi don wake,
garwashinai na kai asuba da rai."

Ta karce wani da farce, ta sansana.
"Bagaruwa. Wutarta kamar bashi, ba ta saurin ƙarewa."
Wani ta ɗana a harshe, ta tofar.
"Dogon yaro. Shina ci,
amma kak ka gasa masara bisa, ɗacin na bin ta."
Gawo ta kira maƙaryaci:
ga jiki, ga girma, ka waiwaya ka tarar da toka.
Sabara ta hura wuta ce, buta guda ta shayi, shi ke nan.
Kuka ta wurga bayan danga,
wai soso ne, ba icce ba.
Tumfafiya kuwa dariya ta ba ta:
"Wa ya aike ka? Hayaƙi za ka saida?"

Sai hannunta ya faɗa kan wani guntu,
baƙi, mai nauyin dutsen niƙa.
Ta ƙwanƙwasa. Ƙirya. Ko ni na ji,
iccen da maƙera ke bi har Baban Rafi.
Na ce a raina, yau mun dace.
Amma ba ta ajiye ba.
Yatsunta suka bi gefensa mai santsi,
suka gangara cikin wani kwarmi
da ba ruwa ne ya haƙa shi ba.
Ta kai hanci. Ta daɗe.

"Ɓarin turmi na," ta ce.
"Da sauran ƙanshin hatsi cikin tsagar."
Na sansana, ban ji komai ba sai laka.
"Wata ta yi shekaru tana daka nan,
Jiratawa, ko Madarunfa, ko bayan iyaka.
Ruwan da ya ɗauko turmi
bai tsaya ga turmi ba."

Na ce, Gwaggo, wannan zai kai mu kwana uku.
Ta ce ta sani. Ta fi ni sani.

Daren nan da gawo muka tuƙa tuwo,
ina turawa, ina turawa,
maƙaryacin na cinye kansa.
Marke na gefe yana jiran wake.
Da safe na tarar ta jingine ɓarin a bakin ɗakinta,
ta zuba wa kaji ruwa a ciki.
Ta ce ran Juma'a in na shiga kasuwa
in tambayi masu motar Madarunfa
ko akwai garin da ɗakuna suka faɗi.
Na ce to.
Ban san abin da zan yi da amsar ba.