Lamba Goma Sha Bakwai

Sanyin Jos ya saki fatar gangata,
na kai ta bakin garwashin Ngo Kaneng.
Ta ture masara biyu gefe, ta ba ni wuri,
ba ta tambayi jiharmu ba.

Wata uku muna gwaji a wani kango a Gangare,
Shekarau da ciwon gwiwa,
Talatu da goyo tana koyon juyi.

Sai ga 'yan Asharwa da sarewa,
ƙafa ɗaya, numfashi ɗaya,
gezarsu na kaɗawa kamar acca ta nuna.
Na manta kofi ɗaya muke nema.
Gulka ta bi su a hannuna
ba da izinina ba.

'Yan Swange suka malalo, baƙi da fari,
kamar Binuwai ta cika.
Alƙalai uku a ƙarƙashin rumfa
suna auna ƙugu da biro.
Gumi maki nawa ne?

Mu ne na biyar.
Shekarau ya ce maguɗi ne,
ya faɗa sau uku, bakinsa cike da masara.

Ana ɗaga tuta janareta ya ɗauke,
taken ƙasa ya tsaya a tsakiya.
Wani Bayarabe ya matse gangarsa a hammata,
na amsa masa,
sarewa ta shigo,
muka kai shi ƙarshe cikin duhu.

Kofi ya tafi Makurɗi a bayan bas.
Gangata har yau tana ƙamshin hayaƙin masara,
kuma na hana yara su goge.