Gurbi Uku a Jerin Kifi

Ruwa bai ɗauke ba tun Litinin a Puerto Montt.
Ximena Oyarzún tana ofishin ƙungiyar masunta,
rigar sanyi biyu a jikinta, shayi ya huce a kofi.
Jiragen ruwa arba'in da ɗaya ne a allon kwamfuta,
kowanne da nauyin kifin da ya sauke.
Aikin bai taka kara ya karya ba:
a jera su, mai yawa a sama, mai kaɗan a ƙasa,
kafin a raba kuɗin mai da safe.

Ta danna. Jeri ya fito.
Kilo casa'in ya hau kan kilo ɗari huɗu
ya miƙe ƙafa.
Na'ura ba ta yi ƙorafi ba, ko jan rubutu babu.
Ƙarya ce ta zo da wankakkiyar riga.

Ta bi layi-layi da ɗan yatsa
har ta iske su: gurbi uku, wayam.

Tambaya ɗaya na'ura ta iya tun asali:
tsakanin ku biyu, wa ya fi?
Da ita take ɗora ɗari a kan hamsin.
Sai ta tambayi gurbi: ka fi casa'in? A'a.
To ka gaza shi? A'a.
Kun yi daidai ke nan? A'a.
Ko da aka kawo masa ɗan'uwansa gurbi,
cewa ya yi bai san shi ba.
Na'ura ta karɓi a'a, ta wuce abinta,
duk wanda ya raɓi gurbin ya ɓata hanya.

Don Heriberto, ma'aji, ya leƙo ta kafaɗarta,
yana warin dizal da gishiri.
Zuba musu sifili mana, mu tafi gida.

Ta girgiza kai. Sifili na Nibaldo ne,
layi na sha tara.
Ya fita tun da duhu, ya jefa koma sau shida,
ya dawo hannu rabbana,
ya tsaya gaban sikeli ya ce a rubuta.
Da gumi ya sayi sifilinsa.
Ba a ba da shi aro.

To, share su.

Sharewa kalma ɗaya ce tak.
Jiragen su koma talatin da takwas,
lissafi ya zauna daram,
ba mai tambaya.

Ta ɗauki waya.
Na farko, sikelin Calbuco ne ya lalace,
kifin na nan kwance cikin ƙanƙara.
Na biyu, takardar tana aljihun magatakarda,
ta jiƙe, tawada ta narke, gobe zai sake awo.
Na uku wayar ta daɗe tana ƙara
kafin matar Eladio ta ɗauka.
Bai shigo ba tukuna, in ji ta.
Tun jiya da la'asar rediyonsa shiru.

Don Heriberto ya cire hularsa,
ya rasa inda zai ajiye ta.

Ximena ta koma kan allo,
ta koya wa na'ura tambaya biyu a madadin ɗaya.
Fara da wannan: akwai adadi, ko babu?
In akwai, sannan ki tambayi nawa.
Masu adadi suka bi sahu, ɗari huɗu ya koma mazauninsa,
Nibaldo can ƙasa da sifilinsa.
Gurbi uku suka tsaya gefe
suna jiran a nuna musu wurin zama.

A al'ada ƙarshe ake kai su,
inda ido ke gajiya kafin ya isa.
Ta daɗe tana kallon alamar.
Sai ta juya ta.

Da asuba takarda na manne a ƙofar ofis,
gefenta ya fara jiƙewa.
Masunta na zuwa ɗaya-ɗaya cikin takalman roba,
kowa na neman sunansa da kilonsa,
kuma ba mai kaiwa ga nasa
sai ya bi ta kan layi uku na sama.
Biyu an cike su da biro kafin hantsi.