Washi da Wasa

Shekara hamsin da ɗaya ina durƙushe a Seki,
ruwa a bokiti, dutse a gabana,
ina wasa takubban da ba za su ƙara yanka kowa ba.
Sai Chizuru, jikata, ta sauka daga Osaka da na'ura a jaka,
ta ce, "Kaka, kai da ka tsufa kana wasa, zo ka yi wasa."
Na ce yatsuna dutse suka sani, ba maɓalli ba.
Ta ce su koya.

To, ga hukuncina, tunda an tambaya.

Ƙasar da suka zana ta yi kyau har ta wuce gona da iri.
Gora na rausaya, jan ganye na zuba dare da rana,
ban ga mai shara ba.
Jarumin ba ya tari, ba ya jin yunwa,
ya sare mutum arba'in kafin shayina ya huce,
ya mayar da takobi kube da jini a jikinsa.
Nan na dafe kai.
Yaro, jini gishiri ne,
kwana biyu tsatsa ta cinye maka gadon gidanku.
Ƙarfe ya gamu da ƙarfe sau dubu, baki bai yi giɓi ba!
Wanda ya tsara wannan
bai taɓa kwana uku yana lallashin tsaga ɗaya ba.

Amma kada in ci amanar gaskiya.
Akwai wani mai mashi a kan gada
da ya kashe ni sau goma sha tara.
Na zage shi, na zagi gadar,
har Fusae ta leƙo daga kicin ta ce ko a kira likita.
A karo na ashirin na bar gaggawa,
na saurari numfashinsa
kamar yadda nake sauraron ƙarfe ya faɗa mini inda ke masa ciwo.
Ya faɗi. Hannuna na rawa.
Wannan kam sun iya,
sun san rabin kaifi haƙuri ne.

Sai ƙarin babin, wanda ake saya daban.
Yen dubu biyu da ɗari biyar!
An sayar maka da doki, an ce wutsiya sai ka ƙaro kuɗi.
Sulke bakwai masu ƙyalli, kwalkwali mai ƙahon barewa,
tsibiri ɗaya cikin dusar ƙanƙara,
abokan gaban jiya an sake musu riga.
Na ce a maido mini kuɗina.
Chizuru ta ce, "Bi ta bayan wurin bautar nan, akwai bukka."

A bukkar wani tsoho ne.
Ba ya faɗa, ba ya ba da lada.
Ya take itacen da ke riƙe dutse da diddigen dama,
ya ɗebo ruwa da yatsu uku,
ya tura, ya ja, ya tsaya,
ya karkata kai hagu don ido ɗaya ya fi gani.
Na san wannan karkatar.
Na san ƙaramin yatsan nan da ya ƙi lanƙwasa
tun shekarar da kogi ya shigo mana ɗaki.

Bara ta yi ta zama a kusurwa da waya a hannu.
Na zaci saƙo take rubuta wa saurayi.

Ba ta dube ni ba, ta ce,
"Wata huɗu na yi a kan wuyan hannun nan.
Shugabana ya ce ba wanda zai tsaya kallo."

Na tsaya.
Jarumina na waje, dusa ta rufe masa kafaɗa,
yaƙi na jiransa a ƙetaren tsauni.
Ya jira.

Maki? Wasan, shida cikin goma.
Ƙarin babi, tsada, ban janye ba.
Tsohon nan kuwa yana danna ƙarfe fiye da kima a ƙarshen ja.
Aibina ne tun ina ɗan koyo,
maigidana ya gaji da bugun hannuna a kai har ya mutu.
Ta kwashe ni har da kuskuren.

Ta koma Osaka ranar Lahadi, ta bar na'urar.
Gobe da asuba, kafin in jiƙa dutse,
zan leƙa in ga ko ya gyara.