Hanta da Jini

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da wuƙa,
tun ina ɗaukar wa Baba tire a 'Yan Shanu.
Hantar bijimi, ta rago, ta akuyar da ta ci leda,
ba wadda ban juya a tafin hannuna ba.
Mai kyau santsi gare ta, tana sheƙi kamar an shafa mai,
ka danna yatsa ta lotsa, ka ɗaga ta dawo.
Marar kyau kuwa sai kaushi,
fararen jijiyoyi sun ɗaure ta kamar huhun goro,
wuƙa na shiga tana gurnani.
Ita muke jefa wa karnukan bayan kwata.

Amma duk sanina sai an feɗe.
Ban taɓa sanin hanta ba mai ita na tsaye.

Yayana Sallau yana dariya,
yana tashi da malmala biyu,
yana hawa Gangare da cinyar sa a kafaɗa,
har ranar da idonsa ya koma ruwan ɗorawa,
ciki ya zama tulu, ƙafa ta ƙi takalmi.
Likita ya ce ta daɗe tana ciwo, ba ta faɗa ba ne.
Suka ce za su zura doguwar allura tsakanin haƙarƙari
su gutsuro kaɗan su duba.
Mahauci ɗan mahauci ya ce shi ba a yanka shi da rai.
Muka kai shi makwanci damina na tsaka,
jar ƙasa na manne wa diga.

Bayan arba'in Kuluwa ta tasa ni gaba.
Sanyin asuba, a-daidaita har Lamingo,
hantar cikina na kaɗawa, yau ba karin magana ba.

Yarinyar, Kangyang aka rubuta a rigarta,
ta ɗaure min dantse, ta ce in dunƙule hannu.
Na ce, "Ina doguwar allurar?"
Ta ce, "Baba, ai an gama."
Kwalba biyu, kowace ba ta kai ɗan yatsana ba.
Wanda nake wankewa a farce kullum ya fi wannan.

Ashe da aka ce hanta da jini
ba zaman tare kaɗai ake nufi ba.
Ita ta yi gum, aminin ya tona.
Suka ƙirga abin da ya ƙaru a cikinsa da abin da ya ragu,
suka haɗa da shekaruna, suka buga lissafi
kamar mai awon nama a sikeli.

Ran Alhamis Dakta Dalyop ya juya takarda.
Cutar da ta ci Sallau tana jinina,
wataƙila tun muna goye.
Tabo ya fara, amma da saura, in ji lissafin;
za a ɗora na'ura a gefen ciki a tabbatar.
Ƙwaya ɗaya kullum.
Jiƙon mai lasifikar Taminus, a bari.
Rezar da muke aski da ita mu biyar, a jefar.
A kawo Kuluwa, a kawo yara har autar da ke rarrafe,
wanda bai ɗauka ba a yi masa rigakafi.

Na fito ruwa ya ɗauke, duwatsun Shere sun yi wanka.
Sallau. Kwalba biyu kacal, da shekara biyar baya ne…
Na haɗiye sauran. Da-na-sani ƙeya ce.

Yau da asuba aka kayar da bijimi.
Na zura hannu na ɗago ta da ɗumi, tana tururi,
ba tabo ko ɗaya.
Na daɗe ina kallo har yaro ya ce, "Masu tsire fa na jira."
Na ce su jira.
Na dafa gefen dama, ƙasan haƙarƙari,
inda tawa ke aikinta ba ta ce uffan ba,
na ce mata sannu.