Yini Ɗaya Kafin Teku

Ta tsayar da ni da hantsi a Ƙofar Nassarawa,
dattijuwa, tabarau a kan hanci, takarda a hannu.
Ta ce, "Ɗan nan, yau na ɗauke ka shata, kai da Adaidaitarka.
Gobe da asuba jirgin sama zai wuce da ni.
Ga wurare bakwai. Faɗi kuɗinka, ban da zalunci."

Hajiya Tabawa, daga Gumel,
malamar makaranta da ta ajiye alli.
'Yarta ce ta biya mata ɗaki a wani jirgin ruwa,
wai ya fi benayen Kantin Kwari tsawo,
kwana tara a kan teku,
ba tudu, ba tsamiya, ba inda za ka ce a sauke ka.
"Ni da ko kwalekwale ban taɓa shiga ba."

A marinar Ƙofar Mata ta leƙa karofi,
ruwan baba yana kumfa, yana kallon ta.
"Zurfinsa fa?"
Marini ya ce, "Zai shanye ki, ya nemi ƙari."
"To teku fa?"
Ya matse zane, hannuwansa shuɗi har gwiwa:
"Hajiya, ni iyakar shuɗin da na sani ke nan."

Kurmi ta haɗiye mu lungu bayan lungu,
warin jima, ƙamshin kanumfari, a gafarta, a ba da hanya.
Ta taya jakar fata har mai ita ya yi rantsuwa,
ta bar masa abarsa,
ta sayi citta ta ɗari biyar,
wai an ce tana tsayar da amai in ruwa ya fara rawa.

A Gidan Makama ta gyara wa mai bayani lafazi sau biyu,
ya sunkuyar da kai kamar ɗan aji uku.
Sai hadari ya haɗo daga gabas.
Muka fake a wata rumfa a Jakara,
muna cin gurasa bandashe, yaji na sa ta hawaye,
ta zaro biro ta soke wuri biyu.
"Gari ba ya ƙarewa a yini guda. Bari in bar masa bashi."

La'asar sakaliya muka iso gindin Dala.
Na ce, "Hau, Hajiya, ina nan ina gadin mashin."
Ta dube ni ta saman tabarau.
"Tasi'u, ka taɓa hawa?"

Shekara talatin da ɗaya.
A Gwammaja aka yanke mini cibiya.
Sau goma nake kewaya dutsen nan kullum
ina kirga canji.

Na kulle mashin.

Tana gaba, tana ƙidaya matakala,
ta huta, lissafi ya ɓace, ta yi dariya, ta sake daga ɗaya.
Da muka kai sama iska ta fizge mayafinta,
ga Kano a kwance, jiƙe sharkaf,
kwanon rufi bayan kwanon rufi yana walƙiya
har inda ido ya gaji ya dawo.
Kiran salla ya tashi daga can, wani ya karɓa, wani ya karɓa,
yana tahowa, yana komawa.

Ta daɗe ba ta ce komai ba.
Sannan: "Ashe haka tekun zai kasance.
In dai haka ne, da sauƙi."

Ni kuwa gidanmu nake nema.
Na gane shi da darbejiya da tankin ruwa mai tsatsa,
ɗan mitsitsi,
da wani ɗigo a tsakar gida yana kwashe shanya,
na san Inna ce.

Ta biya ni a ƙofar masauki, har da na goro.
Sai da dare na ga takardarta a kujerar baya.
Tana maƙale yanzu a jikin madubina.
Ita tana can wani wuri a kan ruwa, tana tauna citta.
Wurare biyun da ta soke,
ɗaya na je ranar Laraba.
Saura ɗaya.