Ƙwaurin Nibaldo

Gado na tara, kusa da taga,
inda ake hango jiragen ruwan Valparaíso
sun yi cirko-cirko suna jiran hanya.
Nibaldo ke nan, masunci.
Ƙugiya ce ta karce shi a ƙwauri,
irin karcen da yaro kan tofa wa yawu ya ci gaba da wasa.
Yau kwana arba'in da ɗaya.

Ƙodar da ke cikinsa ta ƙanwarsa ce, Ercilia.
Don kada jiki ya yi mata korar baƙuwa
muke ba shi ƙwayoyin da ke sa masu gadi gyangyaɗi.
To, sun yi barci,
ga kuma ƙofa a buɗe a ƙwauri.

Ina wanke hannu har fatata ta tsattsage.
Safar hannu, takunkumi, ruwan gishiri,
sannan in ɗaga bandeji a hankali
kamar mai leƙa tukunyar da ba a ce a buɗe ba.
Jikinsa ba ya kururuwa.
Ba ja, ba zafi, ma'auni ya ce lafiya lau,
amma ni ban yarda da shirun ba.
Nakan sunkuya in shinshina,
in dubi launin abin da ya ɓata auduga.

Jiya jikarsa ta zo da furanni.
Na tare ta a bakin ƙofa,
na ce ruwan da suke ciki ma abin tsoro ne.
Ta harare ni. Ta yi gaskiya.
Na ajiye su a bayan gilashi, inda zai gani bai taɓa ba.

Santimita huɗu ran Litinin.
Huɗu ran Alhamis.
Na rubuta, biro ya yi mini nauyi.
Ya ce, Eduvigis, kin taɓa ɗinke koma?
Ba a farawa daga tsakiyar ɓaraka,
gefe ake bi, ƙulli ɗaya, sai wani.
Wanda ya yi gaggawa ya ciyar da teku.

Da asubahin nan na buɗe.
A gefen hagu, wajen idon sawu,
ga tsiron nama ja, ƙanana,
kamar 'ya'yan rumman.
Uku da rabi.
Ban gaya masa ba tukuna,
na sake gwadawa,
shi kuwa yana ƙirga jirage.