Yashi a Leda

Lokotoro ya ɗaga hoton ga hasken taga,
ya ce, "Ma'azu, jijiya ta kama."
Na yi hamdala. Na fito titin Damagaram
ina ɗingisa ƙafar da aka ce ta warke.

Wata bakwai ke nan da na ji ƙas.
Ganguna na tashi, fili ya cika maƙil,
amma ni kaɗai na ji ta,
kuma har yau ita ke tashe ni kafin ladan.

Layuna na rataye a ƙusa.
Mai shayin Zango ya bar yi mani kirari,
sai "Sannu, ya jiki?"
In ɗan kabu-kabu ya nufi hanyar filin kokowa
sai in ce ya zaga ta Kasuwar Dole,
wai zan sayi goro.

Brah ne ya ja ni wurin Madam Zuwaira,
wani ɗan ɗaki bayan ɗakin masu gashin ƙashi.
Babu allura, babu ƙwaya,
kujera biyu da fanka mai tari.
Na ce, "Madam, ni ba mahaukaci ba ne."
Ta ce, "Na sani. An ɗinke maka gwiwa.
Ƙwarin gwiwa fa, wa ya duba shi?"

Alhamis uku ina ba ta labarin kaye-kayena,
wanda na kayar a Mirya, wanda na kayar a Tanut.
Ta huɗu ta ce in kawo mata yashin fili.

Da asuba na je, kamar ɓarawo,
na cika leda, hannuna na rawa.
Ta juye shi a tasa, ta ce, "Tuɓe takalmi."
Na taka.
Sanyinsa ya bi ta tsakanin yatsuna ya hau har wuya.
Ƙato kamata, mai kilo ɗari da biyar.
Ta juya tana kallon duwatsun Birni ta taga
har na gama share fuska.

Jiya a Garin Malam ɗan ƙanwata, Tsahiru,
ya sungumi ƙafar nan ba sallama.
Na faɗi. Na jira ƙas ɗin.
Sai dariyar yara.

Brah na tambaya ko zan nemi takobi bana.
Ban sani ba.
Madam ta ce wannan ma amsa ce,
in zo da ita ran Alhamis.